Garkuwar Ruwa a Bangon Makarantu: Abin da ke Bayan Fallayen da Ake Gani

Shin lulluɓe bangon makaranta da fallaye daga waje kariya ce ga ginin da yaran da ke cikinsa, ko kuwa haɗari ne aka yi wa ado? Wannan tambaya ta shiga bakin jama'a a Birtaniya tun daga ranar 14 ga Yuni, 2017, lokacin da gobara ta tashi a dogon benen Grenfell da ke yammacin Landan ta hallaka mutum 72, bayan wutar ta kama fallayen da aka lulluɓe shi da su ta hau har ƙololuwa cikin ƙasa da rabin sa'a. Ta sake tasowa a 2023, sa'ad da ofishin binciken kuɗaɗen gwamnati na ƙasar ya bayyana cewa ɗalibai kimanin 700,000 a Ingila suna karatu a gine-ginen da ke buƙatar a sake su ko a yi musu gagarumin gyara, domin duk ginin da za a sake ko a gyara sai an yanke shawara a kan abin da za a rufe bangonsa da shi.

Ruɗanin da ke cikin muhawarar ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku da ya kamata a raba: dabarar kanta, kayan da aka zaɓa, da kuma hannun da ya yi aikin. Mai kallo daga titi ba ya ganin komai sai falle mai launi, alhali kuwa fallen ɓangare ɗaya ne kawai a cikin tsarin gaba ɗaya.

Mece ce garkuwar ruwa?

Bango irin wanda muka saba da shi, na bulo da filasta da fenti, fuska ɗaya gare shi, kuma wannan fuskar ita ce ke fama da ruwa da rana da iska a lokaci guda. Da zarar ta tsage, ruwa ya sami hanya. Tsarin garkuwar ruwa ya raba wannan aiki gida biyu. A ciki akwai ainihin bangon da ke ɗauke da nauyi, wanda aka toshe shi sarai don kada iska ta ratsa, galibi an shimfiɗa masa makarin zafi da sanyi daga waje. A gabansa an bar tazara ta 'yan santimita kaɗan, wadda a ƙa'idojin Turai takan fara daga milimita 20 ko 25 ta kai 50 gwargwadon irin mahaɗin fallayen. Sai kuma fallayen waje, waɗanda aka rataye a kan sandunan ƙarfe ko na katako da aka ɗaure wa bangon da maƙalai. Ƙasan tazarar da samanta a buɗe suke, domin iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ba a yi fallayen don su hana ruwa shiga ɗungurungum ba. A wasu gine-ginen ma da gangan ake barin mahaɗinsu a buɗe, ana iya zura yatsa. Aikinsu shi ne su karya ƙarfin ruwan su tare mafi yawansa. Ɗan abin da ya wuce sai ya gangara ta bayan fallen ya zube a ƙasa, danshin da ya rage kuma iskar da ke yawo a tazarar ta busar da shi. Manomin da ya ɗora wa rumbun ƙasa jinka ya san wannan hikima: ciyawa ce ke shan dukan ruwa, a sauya ta idan ta tsufa, jikin rumbun kuma ya zauna a bushe.

Yadda ruwa ke ratsa bango

Kafin ruwa ya shiga bango sai abubuwa uku sun haɗu: ruwan a kan fuskar bangon, kafar da zai bi, da ƙarfin da zai tura shi. Tsohon tunanin magina shi ne a toshe kafa, da filasta ko fenti ko silikon. Matsalar ita ce babu bangon da ke zama ba kafa, saboda gini yana motsi, zafi yana buɗa shi sanyi yana matse shi, silikon kuma rana tana cinye shi cikin shekaru. Sabon tunanin ya juya ga abu na uku, wato a kashe ƙarfin da ke tura ruwan. Daga cikin ƙarfafan nan akwai nauyin ruwan kansa, da saurin da ɗigonsa ke zuwa da shi, da tsotson da siririyar tsaga ke yi, amma mafi wuyar sha'ani shi ne bambancin matsin iska tsakanin waje da ciki. Idan guguwa ta daki bango, matsin waje ya fi na cikin ɗaki, sai ruwa ya bi kowace ƙaramar kafa tamkar ana zuƙo shi. In akwai tazara a bayan falle wadda ke buɗe ga iskar waje, matsin da ke cikinta yakan kusan daidaita da na waje nan take, don haka babu abin da zai ja ruwan ya tsallaka.

Dabarar ta daɗe a rumbunan katako na ƙasar Norwe, inda ruwa da iska ke zuwa tare daga teku. Masanin gine-gine na ƙasar, Øivind Birkeland, ya yi rubutu a kanta a 1962, sannan a 1963 G. K. Garden na hukumar binciken kimiyya ta Kanada ya fitar da bayanin da ya shimfiɗa ƙa'idar a kimiyyance. Daga shekarun 1980 ta bazu a Turai, musamman wajen gyara tsofaffin gine-ginen kankare da aka yi cikin gaggawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda makarantu da yawa ke cikinsu, domin tana ba da damar a ƙara wa bango makarin sanyi daga waje ba tare da an rushe shi ko an kwashe ɗalibai na tsawon lokaci ba.

Ƙasar New Zealand ta biya kuɗin rashin wannan tazara da tsada. A shekarun 1990 zuwa farkon 2000 an gina gidaje da makarantu masu yawa da fallayen da aka manna kai tsaye a jikin katakon da ba a sa masa maganin ruɓa ba. Ruwa ya shiga ta tsaga, bai sami hanyar fita ba, katako ya ruɓe daga ciki, fumfuna ta kama azuzuwa, fuskar bangon kuwa tana nan fes. Sai da aka sake dokar gine-gine a 2004, aka fara wajabta barin tazara a gine-ginen da ke fuskantar haɗarin yoyo, kuma a 2013 ma'aikatar ilimin ƙasar ta kai wasu kamfanonin fallaye kotu saboda ɗaruruwan gine-ginen makarantu da suka lalace. Yankin Vancouver na Kanada ya sha irin wannan wahala a kusan lokaci ɗaya, shi ma maganin da ya koma gare shi ke nan.

Gobara: ina laifin yake?

Tazarar da ke busar da bango ita ce kuma raunin tsarin, kuma duk wanda ya ɓoye wannan bai yi adalci ba. Iskar da ke hawa daga ƙasa zuwa sama tana iya ɗaukar harshen wuta, kuma gwaje-gwajen cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya sun nuna cewa harshen da ya shiga matsattsen sarari yakan iya miƙewa ninki 5 zuwa 10 na tsawonsa yana neman iska. Saboda haka ne ƙa'ida ta tanadi a sa shingayen wuta a cikin tazarar, a daidai kowane hawa da kewayen tagogi. Waɗanda ake sa wa a kwance suna barin ɗan wuri don iska ta wuce, amma suna ɗauke da wani sinadari da ke kumbura idan ya ji zafi ya toshe hanyar.

A Grenfell, benen mai hawa 24 da aka kammala yi wa kwaskwarima a 2016, an yi amfani da fallen da ke da siraran alminiyom biyu, kowanne rabin milimita, da roba mai kaurin milimita 3 a tsakiya, irin robar da ake yin leda da ita. Alminiyom yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos, robar kuma tana narkewa tun kafin nan, ta kama wuta, ta riƙa ɗiga tana kunna ƙasa yayin da harshen ke hawa sama. A bayanta an sa makarin sanyi na soso wanda shi ma yana ci. Kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Martin Moore-Bick ya bayyana a rahotonsa na farko a 2019 cewa waɗannan fallaye ne babban dalilin saurin bazuwar wutar, rahoton ƙarshe na Satumba 2024 kuma ya zargi wasu kamfanonin da suka ƙera kayan da rashin gaskiya mai tsari wajen gwaji da talla, ya kuma ɗora wa gwamnati da masu zane da 'yan kwangila nasu kason. Binciken ya nuna cewa tun farko fallen zinki aka tsara, aka sauya shi don a rage kusan fam 300,000 daga kuɗin aikin. Dubai ma ta ga irin wannan wuta a benen Torch a 2015 da 2017, da otal ɗin Address Downtown a daren ƙarshen shekarar 2015.

Martanin Ingila shi ne dokar Disamba 2018, wadda ta hana sa kayan da ke cin wuta a bangon sababbin gine-ginen da suka wuce mita 18 irin gidajen zama da asibitoci, har da ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a da na makarantun kwana. Sai kayan da suka sami matakin A1 ko A2 a ma'aunin Turai, wato waɗanda ba sa cin wuta ko kusan ba sa ci. Ba a cika shekara ba aka ga giɓin dokar. A ranar 15 ga Nuwamba, 2019, wuta ta cinye saman wani masaukin ɗalibai mai suna The Cube a garin Bolton, wanda aka lulluɓe da fallayen takarda da ƙaro da aka matse, kuma tsawonsa ya gaza mita 18 da ɗan kaɗan. Ba a rasa rai ba, amma lamarin ya ƙarfafa masu cewa wuta ba ta san awon tef ba. A 2022 aka hana fallen ƙarfe mai cikin roba zalla a kan kowane sabon gini komai gajartarsa, Skotlan kuma ta sauko da iyakarta zuwa mita 11.

A nan ne ra'ayoyi suka rabu game da makarantun jeka-ka-dawo. Ɓangare ɗaya, wanda ya haɗa da ƙungiyoyin 'yan kwana-kwana da kamfanonin inshora, yana ganin bai kamata a sa wa kowace makaranta abin da ke cin wuta ba, domin ko an fitar da yara lafiya, ƙonewar makaranta tana nufin watanni ko shekaru na karatu a rumfunan wucin gadi. Ɗaya ɓangaren yana cewa ajin da ke ƙasa ko hawa ɗaya ana fita daga cikinsa cikin mintuna, babu mai barci a ciki, kuma haramcin bai-ɗaya zai kori katako, wanda shi ne mafi ƙarancin illa ga muhalli. Hujja ta biyun tana da ƙarfi ga ƙaramin gini, amma a ganina tana raunana da zarar an hau bene, ko kuma ɗaliban ƙanana ne ko masu buƙata ta musamman waɗanda fitar da su ke ɗaukar lokaci.

Maƙalai da hannun ma'aikaci

Abin da ke kayar da bango galibi ƙaramin ƙarfe ne da babu mai ganinsa. A watan Janairu 2016, iska mai ƙarfi ta yaye kimanin tan 9 na tubalin fuskar bangon makarantar firamare ta Oxgangs a birnin Edinbura, da sassafe kafin yara su iso. Bangon na tubali ne mai ruɓi biyu da tazara a tsakani, ɗan'uwan tsarin da muke magana a kai, kuma abin da ya faru shi ne ƙarafan da ke ɗaure ruɓin waje da na ciki ba su shiga yadda ya kamata ba. Da aka duba sauran makarantun da aka gina ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya da 'yan kasuwa, sai aka rufe 17, dubban ɗalibai suka watsu a wasu wurare. Rahoton Farfesa John Cole na 2017 ya ce sa'a ce kawai ta hana asarar rai, ya kuma danganta lamarin da rashin ingancin aiki da rashin mai duba aiki mai zaman kansa.

Garkuwar ruwa ta fi bangon tubali dogaro da irin wannan kulawa. Sandar alminiyom mai tsawon mita 3 tana ƙaruwa da kusan milimita 4 idan zafinta ya sauya da digiri 60, saboda haka ake ɗaure ta tam a wuri ɗaya kawai, sauran maƙalan kuma a bar musu dogon rami don ta zame. Ma'aikacin da ya ɗaure duka don ganin aikin ya yi ƙarfi, shi ne ya jawo fallaye su lanƙwashe ko ƙusoshi su karye bayan 'yan shekaru. Haka nan idan aka haɗa ƙarafa mabambanta a wuri mai danshi ba tare da an raba su ba, ɗaya yakan ci ɗaya. Kowane maƙali kuma ƙofa ce da zafi ke bi ya ratsa makarin, shi ya sa ake sa masa matashin roba ko a yi shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda bai kai alminiyom ɗaukar zafi ba. Duk waɗannan ana rufe su da falle cikin kwana ɗaya, daga nan babu mai sake ganinsu sai matsala ta faru.

Ɗorewa da muhalli

Makaranta ba ofis ba ce. Bangonta na ƙasa yana shan ƙwallo da jifa da jinginar keke da rubutun yara, kasafin gyaranta kuma kullum a takure yake. Wannan ne ya sa masu zane da yawa ke yin hawan ƙasa da tubali ko falle mai kauri da sanduna kusa da juna, su bar marasa nauyi ga sama. Fallen siminti mai zare ba ya cin wuta kuma yana da sauƙin kuɗi, amma yana iya fashewa idan aka buge shi a gefe. Gasasshiyar ƙasa tana riƙe launinta shekaru da yawa ba tare da fenti ba, sai dai tana da nauyi da tsada. Alminiyom zalla ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa, amma yana loɓawa. Katako yana buƙatar kulawa. A bayan kowannensu, audugar dutse, wato zaren da ake yi da narkakken dutse, ita ce makarin da aka fi komawa gare shi tun bayan Grenfell, saboda ba ta cin wuta.

Maganar muhalli ita ce inda talla ta fi yawa. Haƙo alminiyom da narka shi karon farko yana cin wutar lantarki mai yawan gaske, har matsakaicin hayaƙin da ake fitarwa a duniya ya kai kusan tan 15 a kan kowane tan guda, yayin da sake narka tsohonsa ke cin kusan kashi 5 cikin ɗari na wannan makamashi. Don haka fallaye biyu masu kama ɗaya na iya bambanta ƙwarai gwargwadon inda aka samo ƙarfen. Fa'idar tsarin ta gaskiya tana wurare biyu: yana tsawaita ran ainihin ginin ta hanyar hana shi jiƙa, wanda ke kawar da buƙatar rushewa da sake zuba siminti, kuma da yake da ƙusoshi aka ɗaure shi, ana iya kwance falle ɗaya a sauya, ko a kwance duka a sake amfani da su. Fallen da aka manna da gam, ko aka haɗa ƙarfe da roba a jikinsa, ya rasa rabin wannan fa'ida. Wanda ya lalace cikin shekara 15 kuwa, ko da me aka yi shi, bai taimaki muhalli da komai ba.

Ko tsarin ya dace da yanayinmu?

Fallen alminiyom mai ciki ya cika Abuja da Kano da Legas, a jikin bankuna da gidajen mai da manyan shaguna da wasu makarantu masu zaman kansu da sababbin gine-ginen jami'o'i. A kasuwa ana kiran kowane irinsa Alucobond, ko da wane kamfani ya yi shi, kuma daga waje ba a iya bambanta mai cikin roba zalla da wanda aka cika da ma'adinin da ke hana wuta, sai an duba takardar gwajinsa. Yawancin abin da ake gani a titunanmu ado ne kawai: an toshe mahaɗi da silikon, ba a bar mashigar iska ko mafitar ruwa ba, ballantana shingen wuta. Irin wannan yana ɗauke da haɗarin tsarin ba tare da amfaninsa ba, kuma a ƙasar da wayar lantarki da janareta ke yawan haddasa gobara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman a ɗakunan kwanan ɗalibai masu hawa.

Idan an yi shi daidai, amfaninsa a arewa ya fi karkata ga rana fiye da ruwa. Damina gajeriya ce, ko da yake tana zuwa da iska mai dukan bangon gabas, amma zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai shi ne ke hana karatu. Falle mai haske da ke yi wa bango inuwa, iska kuma tana kwashe zafin ta bayansa, yana rage abin da ke isa cikin aji, musamman a bangon yamma. Sai dai yanayin yana kawo nasa sharuɗɗan: ƙurar hunturu tana toshe mashigar iska idan ba a share ta, jemagu da ƙadangaru da zanzaro suna mayar da tazarar gida idan ba a sa raga ba, gara kuma ba ta barin sandar katako.

Ga ajin firamare mai hawa ɗaya, zafin da ya fi yawa ta rufin kwano yake shigowa, kuma baranda mai faɗi da doguwar lema suna yi wa bango mafi yawan abin da garkuwar za ta yi da kuɗi kaɗan. Mai zanen gini Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022, ya nuna haka a makarantar ƙauyensu Gando da aka kammala a 2001, inda ya ɗaga rufin kwano sama da bangon ƙasa ya bar iska tana wucewa, da kuma makarantar sakandare ta Schorge a Koudougou, inda ya kewaye azuzuwan jan dutse da shingen itacen turare mai ba da inuwa. Inda garkuwar ruwa ta cancanci kuɗinta shi ne benaye masu hawa uku zuwa sama, irin ɗakunan lacca da na karatu da TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi na Najeriya, ke ginawa a manyan makarantu, waɗanda lema ba ta iya rufe bangonsu kuma sake musu fenti ke buƙatar kafa tsani duk bayan 'yan shekaru. A irin wannan aiki, hukumar makarantar tana da damar ta nemi takardar gwajin wuta ta ainihin fallen da aka sauke a filin aiki, ta sa a yanka ɗaya a ga cikinsa, ta kuma rubuta a yarjejeniyar kwangila cewa ba za a rufe kowane sashe ba sai injiniyan da ba ɗan kwangila ke biyansa ba ya duba maƙalai da shingayen wuta ya sa hannu.